Yadda Ake Neman Kakan Da Babu Sunansa A Takardun Ƙidaya

Abin da ya tayar da wannan magana shi ne ranar da ɗana ya buƙaci takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma don shiga jami'a. A Ibadan aka haife shi, ni ma a nan aka haife ni, haka ma mahaifina. Abin da muka sani kawai shi ne kakan mahaifina ya zo fataucin goro daga ƙasar Kano. Wane gari? Wane gida? Shiru. Sai na ce bari in duba takardun ƙidaya. Ga abin da na koya, ko zai rage wa wani wahala.

Me ya sa ba a samun suna a ƙidaya?

An fara ƙidaya a Legas a 1866, amma iyakarta Legas da kewaye. An yi ta 1911 da 1921 da 1931, sai dai a wurare da yawa kiyasi aka yi daga lissafin masu biyan haraji, ba bin gida-gida ba. A 1941 ba a yi ba saboda Yaƙin Duniya na Biyu. Sai ta 1952 zuwa 1953, sannan ta 1962 da aka soke, ta 1963, da ta 1973 da ita ma aka soke. Abin da aka buga daga waɗannan ƙidayoyi adadi ne: maza nawa, mata nawa, a wane lardi. Ba jerin sunaye ba ne. Ga shi kuma bafatake yau yana Shagamu, gobe yana Agege, jibi ya nufi Arewa. Saboda haka rashin ganin sunan kakanka ba ya nufin bai zauna a garin ba.

To ina za a duba?

Na farko, tsofaffi. Ka fara da gwaggo da kawu da limamin unguwa tun suna raye, ka ɗauki muryarsu a waya. Ka tambayi sunan yanka da laƙabi duka, don alkunya ta sa mata da yawa ba sa faɗin sunan miji ko na suruki, har jikoki su tashi ba su taɓa jin sa ba.

Na biyu, gidan Sarkin Hausawa da gidajen fatoma. An kafa Sabo ta Ibadan a 1916, kuma baƙon da ya zo da shanu ko ya zo sayen goro yana da maigidan da yake sauka wurinsa. Wasu gidajen har yau suna riƙe da takardun bashi da wasiƙu cikin ajami.

Na uku, ma'ajiyar tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1954. Tana da manyan rassa a Ibadan da Inugu da Kaduna. A nan ake neman takardun haraji, da na kotu, da ƙorafe-ƙorafen da jama'a suka rubuta wa Turawan mulki, waɗanda wani lokaci ke ɗauke da sunayen masu dangwala hannu.

Na huɗu, aikin soja da na jirgin ƙasa. Tun 1863 Gwamna Glover ya kafa rundunar Hausawa a Legas, kuma dubban 'yan Arewa sun je yaƙin Bama. Layin dogo ya isa Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1911, ya kawo ma'aikata da yawa Kudu. Wanda kuma kakansa ya zauna Kumasi ko Ankara ta Gana, ya tuna da korar baƙi ta 1969, don takardunsa na iya kasancewa can.

Hattara da rubutun suna. Akawun da ba Bahaushe ba kan rubuta Momodu a madadin Mamudu, Braimah a madadin Ibrahim, Gariba a madadin Garba. Sau da yawa sunan gari ake liƙa wa mutum, kuma duk wanda ya fito daga masarautar Kano sai a ce masa ɗan Kano, ko da ƙauyensa na da nisa da birni.

Ni dai ba a takardar gwamnati na samu ba. Wata tsohuwa ce ta tuna gidan da kakan namu yake sauka, jikan maigidan kuma ya ciro wata wasiƙar ajami mai sunansa da na ƙauyensu. Muka je, mai unguwa ya gane zuriyar, muka tarar da 'yan uwan da suka ɗauka mun ɓace. Yaron ya samu takardarsa.

Shawarata, kada ka jira sai buƙata ta taso. Kowane tsoho da aka rufe, ya tafi da sunayen da babu su a ko'ina. Allah Ya jiƙan magabatanmu.