Takarda Mai Wata Uku

Duk wanda Allah Ya nufe shi da buɗe tsohuwar gafaka a zauren wani malami na Kano ko Sakkwato, ya zaro warƙa ɗaya daga cikin tadarishi ya ɗaga ta ga hasken rana, to, galibi zai ga jinjirin wata guda uku a jere cikin jikin takardar, kowane ya fi na bayansa girma, alhali ba alƙalami ne ya zana su ba. Tambari ne na masana'antun ƙasar Italiya, na yankin Banis, waɗanda suka lura da alamar Daular Usmaniyya ta Turkawa suka sa ta a hajarsu domin ta karɓu ga Musulmi. Mafi shahararsu a ƙarni na 19 shi ne gidan Andrea Galvani na Fordenone.

Daga can, a wancan zamani, jirage kan kai takardar Tarabulus da Masar, fatake kuma su ɗora wa raƙuma su keto Sahara, wasu ta Gadamas da Gat da Agadas, wasu ta Fezzan zuwa Barno. Da matafiyin Bature Barth ya sauka Kano a 1851, sai da ya lissafa ta cikin kayan da ya tarar a kasuwa, tare da takubba da allurai da madubai. Abin mamaki, ƙasar da ta ƙware ga saƙa da rini da jima, har jar fatarta ta kai Turai, ba ta yi takardar kanta ba, sai ya zama Shehu Usmanu da Abdullahi da Muhammadu Bello, da yawan talifinsu, sun dogara ga abin da ayari ya kawo.

Sauran aikin kuwa na gida ne. Marubuci ya fere alƙalaminsa na gamba, ya haɗa tawada da ƙaro, ya ware ja domin wasali, ya ƙuntata gefe saboda tsadar takarda, duk da haka ɗalibai suka cika ɗan abin da ya rage da hashiya. Ba a ɗinke warƙoƙi, domin a iya rarraba su ga almajirai, don haka ake rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa a gindin shafi, kada tsari ya rikice. Dukawa ne ke yin tufar littafin.

A ganina, cibiyoyi irin su Gidan Arewa na Kaduna, wanda Abdullahi Smith ya assasa a 1970, sun cancanci a ba su guzurin da za su riƙe matasan manazarta su koyi karanta wannan shaida ta tambarin takarda, domin yawancin masu kwafi sun rufe aikinsu da hamdala da salati ba tare da ambaton shekara ba. Sai dai tambari iyakarsa ya nuna lokacin da littafi ba zai girme shi ba, tunda ƙunshin takarda kan yi shekaru a hanya ko a taskar attajiri kafin tawada ta taɓa shi.