Sunan 'Ya Mace a Ƙasar Hausa: Waiwaye Daga Abuja

Gabatarwa

Kwanakin baya na halarci raɗin sunan wata jaririya a unguwar Kubwa, nan Abuja. Bayan an raba goro da dabino, liman ya yi addu'a ya faɗi sunan yarinya, sai wurin ya yi tsit, don kuwa babu wanda ya taɓa jin irinsa. Da labari ya shiga cikin gida, kakar yarinyar, wadda ta zo wankan jego daga ƙauye, ta gwada faɗar sunan sau biyu harshenta ya ƙi, sai ta ce, "Ni dai Jummai na sani, tun da ran Juma'a ta faɗo." Aka yi dariya aka watse. Daga baya uban ya nuna mini inda ya samo sunan: wani dogon jeri ne a wayarsa, mai ɗauke da sunayen Larabawa da na Turkawa, har da na mutanen ƙasar Ailan. Wani maƙwabcinsa Kirista, mutumin kudancin Kaduna, ya ce ai mahaifiyarsa ma sunan Ailan gare ta na baftisma, amma duk garinsu da sunan ranar haihuwarta aka san ta.

Wannan hira ita ce mafarin wannan maƙala. Manufarta ita ce bin sawun sunayen mata a ƙasar Hausa, don a ga daga ina suka fito, waɗanne ne suka shigo, waɗanne ne kuma suke shirin ɓacewa a hannunmu.

Garin da Laƙabi Ya Zama Sunansa

Ya dace a fara da Abuja kanta, domin sunanta laƙabin mutum ne. A farkon ƙarni na 19, lokacin da jihadi ya ci Zariya, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yi kudu da jama'arsa ya sauka a Zuba. Bayan an kashe shi a wajen Lapai cikin 1825, ƙanensa Abubakar ya gaje shi. Shi wannan Abubakar mutum ne mai hasken fata, don haka ake ce masa Abu Ja, kuma garin da ya kafa a 1828 ya ɗauki wannan laƙabi. Da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta ƙirƙiro Babban Birnin Tarayya ranar 3 ga Fabrairu, 1976, sai sabon birni ya karɓi sunan, tsohon garin kuwa ya koma Suleja, daga sunan sarkinsa na lokacin, Sulaimanu Barau.

Zariyar da suka baro ma, bisa ga tarihin baka, sunan mace ne, wato ƙanwar Sarauniya Amina. Akwai abin lura a wannan gida: Bakwa Turunku, wanda ake danganta haihuwarsu gare shi, sunansa na gargajiya ne tsantsa, amma 'yar da ta fi shahara sunanta na Larabci ne. Ke nan a cikin gida ɗaya ana iya ganin inda tsohon zamani ya miƙa wa sabo hannu.

Sunayen Gargajiya

Kafin Musulunci ya kafu, Bahaushe yana da nasa sunaye. Jerin sarautar matan Daura ya adana mana kaɗan daga ciki, irin su Kufuru da Yakumo da Innagari da Daurama. Waɗanda suka rayu har zuwa zamaninmu kuwa su ne sunayen da ke ba da labarin haihuwa.

Na farko akwai sunayen rana: Ladi, Tani ko Altine, Talatu, Laraba ko Balaraba, Lami, Jummai da Asabe. Ko da yake sunayen ranakun daga Larabci aka aro su, sigar da aka ba su ta Hausa ce. Akwai sunayen lokaci, kamar Azumi da Tasalla da Marka. Akwai masu nuna matsayin yarinya a cikin 'yan'uwanta: Delu ko Kande ita ce macen da ta biyo bayan maza, Gambo mai bin tagwaye, Auta kuma ita ce ta ƙarshe. Sai kuma sunayen da ciwon zuciya ya haifa. Matar da 'ya'yanta ke mutuwa tun suna ƙanana, wato mai wabi, takan kira sabuwar jaririya Ajuji ko Ayashe ko Abarta, kamar mai nuna ba ta damu da ita ba, ko mutuwa ta kau da kai. Wanda ya ji irin wannan suna ya san akwai ƙananan kaburbura a bayansa, ko da ba a gaya masa ba.

Haka waɗannan sunaye suka riƙa yi wa Bahaushe aikin takardar haihuwa a zamanin da babu takarda. Tsohuwa za ta kasa faɗar shekarar da aka haife ta, amma sunanta yana riƙe da ranar, ko watan, ko halin da gidansu yake ciki.

Sunan Yanka

Tarihin Kano ya nuna cewa Wangarawa sun iso da Musulunci zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. Zuwa zamanin Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, an riga an sami matar sarki mai suna Auwa, wato Hauwa'u. A hankali tsarin da muka sani ya zauna: a yi wa jariri huɗuba a kunne, rana ta bakwai a yanka rago a raɗa suna, wanzami ya yi aski, da yamma mata su yi biki. Addini kuma ya ɗora wa uba nauyin zaɓen suna mai kyau, tun da Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da kansa ya canza wa wasu mata suna, kamar Barratu da ya mayar Zainab.

Gidan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya ƙara wa wannan tsari ƙarfi. A cikin 'ya'yansa mata akwai Hadiza da Faɗima da Hafsatu da Safiya da Maryam. Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, tagwaye ce, abokin haihuwarta Hassan. Bisa al'ada da Usaina za a kira ta, amma Shehu ya zaɓa mata sunan 'yar Sayyidina Abubakar. Yau da wuya a sami unguwar da babu Asma'u.

Sai dai Bahaushe bai karɓi sunayen Larabci ya bar su yadda suka zo ba. Ya sarrafa su har suka dace da bakinsa: A'ishatu ta zama Indo ko A'i ko Shatu, Hadiza ta zama Dije, Faɗimatu Binta, Hauwa'u Kulu, Maryamu Mairo, Zainabu kuma Abu. Kunya ma ta ƙaro nata. Uwa ba ta faɗar sunan 'yar fari, kuma idan aka mayar wa yarinya sunan kakarta, suruka ba ta iya kiran sunan, sai a ɓoye shi da Uwa ko Iya ko Ummi. Ta haka mace ɗaya kan tashi da suna biyu ko uku, na yanka da na rana da na alkunya, kowanne da wurin da ake amfani da shi, babu mai ture wani.

Misali mai kyau shi ne Hajiya Gambo Sawaba, wadda aka haifa a 1933 ta rasu a 2001. Sunanta na yanka Hajaratu. Gambo ya zo ne don ta biyo tagwaye, Sawaba kuwa ta same shi a gwagwarmayar jam'iyyar NEPU. Na farko na addini, na biyu na gida, na uku na siyasa, kuma da biyun ƙarshe tarihi ya san ta.

Baƙin Sunaye Daga Ailan

Mai karatu zai yi mamakin abin da ya haɗa ƙaramin tsibiri a yammacin Turai da sunayen matan Arewa. Amsar tana wajen 'yan mishan na ɗarikar Katolika, waɗanda yawancinsu a wannan yanki mutanen Ailan ne. Babban limamin Katolika na farko a Kaduna, John McCarthy, ɗan ƙasar ne. Matan zumuntar St Louis sun iso Kano daga Ailan a 1948 suka buɗe makaranta. Yankin Minna kuwa, wanda daga cikinsa aka yanke Abuja a tsarin cocin a 1981, limaman ƙungiyar St Patrick ne suka riƙe shi. A 1961 aka ayyana Patrick, waliyyin Ailan, a matsayin waliyyin Katolikan Nijeriya.

Ta hannun waɗannan mutane sunaye irin su Bridget da Patricia da Maureen da Kathleen suka shiga gidajen Kiristocin da Hausa ce harshen kasuwarsu da cocinsu. Abin sha'awa shi ne, waɗannan gidaje sun bi tsarin da Musulmi suka bi. Sunan baftisma ya zauna a mazaunin sunan yanka, sunan rana kuma bai gushe ba. Shi ya sa har yau Ladi da Talatu da Laraba da Asabe suke da yawa a kudancin Kaduna da Filato da ƙauyukan Gbagyi na kewayen Abuja, wataƙila ma fiye da yadda suke a birnin Kano.

Darasin Ailan

Su kansu mutanen Ailan sun taɓa jin kunyar sunayensu. A tsawon mulkin Ingila an riƙa juya sunayen mutane da na garuruwa zuwa Turanci, wanda shi ne jigon wasan kwaikwayon Brian Friel mai suna Translations na 1980. A ƙarni na 19, 'yan matan Ailan da talauci ya kora zuwa Amurka sun cika gidajen masu kuɗi suna aikatau, har sunan Bridget ya zama kamar wata kalma mai nufin 'yar aiki. Da yawa suka yar da shi suka ɗauki wani, alhali sunan babbar waliyyiyar ƙasarsu ne.

Juyin ya fara da ƙungiyar farfaɗo da harshen Ailan da aka kafa a 1893. A 1905 aka ci tarar wani manomi don ya rubuta sunansa da harshensu a jikin amalankensa, lauya Patrick Pearse ya ɗaukaka masa ƙara, suka faɗi. Amma zancen bai mutu ba. A shekarun neman 'yanci aka fara sa wa 'yan mata Saoirse, ana furta shi Sirsha, ma'anarsa 'yanci, kusan daidai da Sawaba tamu. Tsofaffin sunaye irin su Aoife, wato Ifa, suka dawo. A 2021 sunan da aka fi sa wa jarirai mata a ƙasar shi ne Fiadh, na harshensu, kuma daga 2023 ranar waliyyiya Brigid ta zama ranar hutu.

Halin da Bridget ta shiga a Amurka shi ne halin da Delu da Talatu da Ladi suke ciki a manyan unguwannin Abuja. An mayar da su sunayen 'yan aiki da masu talla. 'Yar gida kuwa sai Hanan ko Afnan ko Ilham, sunayen da littattafan soyayya na shekarun 1980 da finafinai da zuwa Umra suka yaɗa, yanzu kuma waya ta ƙara musu gudu. Babu laifi a cikin waɗannan sunaye, da yawansu ma'anarsu kyakkyawa ce. Aro ba baƙon abu ne ga Bahaushe ba, kamar yadda muka gani. Abin da ya sauya shi ne, da can baƙon suna yakan zauna kusa da na gida, yanzu kuwa korarsa yake yi.

Takarda da Suna

Takarda ma ta taimaka wajen wannan kora. Dokar 1992 ta wajabta rajistar haihuwa a hannun Hukumar Ƙidayar Jama'a, kuma Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta tabbatar wa kowane yaro haƙƙin suna. Waɗannan dokoki alheri ne. Sai dai fom gurbi uku gare shi, kuma iyaye kan cika su da sunan yanka da na uba da na kaka ko na gari. Sunan da bai shiga takardar haihuwa ba, ba zai shiga rajistar makaranta ba, balle katin ɗan ƙasa ko fasfo. Idan tsohuwar da ke kiran Jummai ta kwanta dama, sunan ya bi ta.

Duk da haka, wanda ya ciro takardar naira ashirin daga aljihunsa zai ga abin da zai ba shi tunani. A gabanta akwai Murtala Ramat Muhammad, wanda ya ɗauki Ramat daga sunan mahaifiyarsa, kuma ƙanwarsa marubuciya da Balaraba duniya ta san ta. A bayanta, tun daga 2007, akwai Ladi Kwali, maginiyar tukwane daga ƙauyen Kwali da ke cikin Babban Birnin Tarayya a yau. Ta shiga cibiyar ginin tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja cikin 1954, ta kai sana'arta Ingila da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Macen farko da aka sa sunanta a takardar naira, da sunan ranar Lahadi aka sa ta.

Kammalawa

Masu iya magana sun ce suna linzami ne. Tarihin da muka bi ya nuna cewa linzamin 'ya mace a ƙasar Hausa bai taɓa zama igiya ɗaya ba: addini ya ba da tasa, gida ya ba da tasa, aka tufka su tare. Mutanen Ailan sun kwance tasu, sai da suka yi shekaru fiye da ɗari suna aikin mayar da ita. Mu har yanzu tamu tana hannu, tun da kakannin da suka san ma'anar Delu da Tasalla suna raye. Abin da ya rage ga uban da aka yi wa haihuwa shi ne ya zaɓi sunan yanka mai kyau wanda ya san ma'anarsa kuma mahaifiyarsa za ta iya faɗa, sannan idan ya zo cika fom ya bar wa sunan gida gurbin tsakiya. Shawarar da na ba uban jaririyar Kubwa ke nan. Ya ce zai yi tunani. Kakar dai har ranar da ta koma ƙauye Jummai take kira, kuma na ji yaran gidan sun fara kama sunan.