Man inji na sintetik da kulocin babur: Abin da ya kamata masu babura su sani

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a tsakanin 'yan acaɓa da makanikai, cewa man inji na sintetik yana da santsi fiye da kima, don haka yana sa kulocin babur ya riƙa zamewa. Gaskiyar lamarin ita ce, ba kasancewar mai na sintetik ke lalata kuloci ba, sai dai wasu sinadarai da ake ƙara wa man motoci. Sanin wannan bambanci na iya ceto mai babur daga asarar kuɗin gyara da kuma ranakun aiki.

Yadda kulocin yake aiki

A mota, man inji daban yake da man giya, kuma kulocin mota mai giyar hannu a bushe yake aiki. A yawancin baburan da ake hawa a Najeriya, irin su Bajaj Boxer, TVS, Haojue da Jincheng, mai guda ɗaya, kimanin lita ɗaya, shi ke yi wa inji da giya da kuloci hidima a lokaci guda. Haka abin yake a baburan da ake kira roba-roba, masu giyar ƙafa ba tare da hannun kuloci ba.

Kulocin ya ƙunshi fayafai iri biyu da aka jera bi da bi: na ƙarfe zalla, da kuma masu shafi mai kaushi. Sifirin ne ke matse su wuri guda domin ƙarfin inji ya isa giya, daga nan ya isa tayar baya. Idan mahayi ya ja hannun kuloci, sai fayafan su saki juna. Duk wannan yana faruwa ne a cikin mai, wanda ke sanyaya fayafan, ya kuma rage cinyewarsu. Saboda haka ana buƙatar man da zai hana ƙarafan inji gogar juna, amma ya bar fayafan kuloci su kama sosai.

Mene ne man sintetik?

Kowane man inji haɗi ne na tushen mai da kuma sinadaran da ake ƙara masa. Cibiyar Man Fetur ta Amurka, API, ta kasa tushen mai gida biyar. Rukuni na 1 da na 2 su ne waɗanda ake tacewa daga ɗanyen mai, waɗanda aka fi sani da minaral. Rukuni na 3 shi ma daga ɗanyen mai yake, sai dai an sarrafa shi sosai, kuma a ƙasashe da dama ana sayar da shi da sunan sintetik. Rukuni na 4 shi ne PAO, wanda ake harhaɗawa a masana'anta, yayin da na 5 ya ƙunshi sauran, ciki har da esta.

Fifikon man sintetik shi ne jure zafi, da jinkirin ƙonewa ko daskarewa ya zama dauɗa a cikin inji, da kuma saurin gudana idan aka tayar da inji da sanyin safiya. Wannan yana da muhimmanci ga ƙananan babura, domin iska ce kaɗai ke sanyaya injinsu, kuma suna yini a cikin cunkoso ɗauke da fasinja da kaya.

Inda matsalar take

Domin rage shan fetur, kamfanoni suka riƙa ƙara wa man motoci sinadaran rage goguwa, ciki har da masu ɗauke da ƙarfen molibdenam. Waɗannan sinadarai suna amfanar injin mota, amma idan suka shiga kulocin babur sai su lulluɓe fayafan, su rage musu kamu. Ana samun su a man minaral kamar yadda ake samun su a na sintetik. Irin wannan mai yakan ɗauki rubutun Ingilishi na "Energy Conserving" ko "Resource Conserving" a ƙasan tambarin API mai siffar zobe, kuma galibi marar kauri ne, kamar 0W-20 ko 5W-30.

Akwai kuma batun giya. Haƙoran giya suna tauna mai, suna karya sinadaran da ke riƙe masa kauri, har ya tsinke kafin lokacinsa. Man da aka yi domin babur an tsara shi ne ya jure wannan.

Ma'aunin JASO

A shekarar 1998, hukumar tsara ma'aunin ababen hawa ta ƙasar Japan, JASO, ta fitar da ma'auni mai lamba T 903 domin man babura masu injin da ake yi wa alama da 4T. Ma'aunin ya raba mai gida biyu: MA, mai barin kuloci ya kama, da MB, mai ƙarancin goguwa. A gyaran da aka yi a 2006 aka ƙara MA1 da MA2. Gwajin yana duba abubuwa uku: ƙarfin kamun fayafai yayin da suke juyawa, da ƙarfin riƙonsu bayan sun kama, da kuma lokacin da suke ɗauka kafin su kama. MA2 ne ke mataki na sama a dukkan ukun.

Don haka MA, MA1 da MA2 duk sun dace da kulocin da ke cikin mai, ko man minaral ne ko na sintetik. MB kuwa an yi shi ne domin sukuta masu bel, waɗanda kulocinsu a bushe yake. Bai kamata a rikita waɗannan da man 2T ba, wanda ake haɗawa da fetur ya ƙone tare da shi, kuma alamominsa su ne FB, FC da FD.

Bayan alamar JASO sai kauri. A lamba irin 20W-50 ko 10W-40, adadin farko yana nuna gudanar mai a cikin sanyi, na biyu kuma kaurinsa a zafin digiri 100 na ma'aunin Salsiyas. Littafin da kamfani ya haɗo da babur shi ne ke faɗin wanda ya dace.

Alamomin zamewar kuloci

Babbar alama ita ce a murɗa totur a babbar giya, ƙarar inji ta ƙaru amma gudu bai ƙaru ba, musamman a hawa ko da kaya mai nauyi. Shan fetur yakan ƙaru, fayafan kuma su yi zafi har su ƙone.

Sai dai ba kullum mai ne ke da laifi ba. Wayar kuloci da aka ɗaure tamau, da fayafan da suka cinye, da sifirin da ya saki, duk suna haifar da wannan. Sau da yawa kuloci ya riga ya tsufa, sai a ɗora wa sabon man da aka zuba laifi. Idan zamewar ta fara ne jim kaɗan bayan zuba man mota, matakin farko shi ne a juye shi, a zuba mai alamar MA. Idan ba ta daina ba, sai a canza fayafan, kuma a jiƙa sababbin a cikin mai kafin a ɗaura su.

Lokacin juye da ingancin mai

Man sintetik ba ya hana ƙura shiga inji, kuma garin da fayafan kuloci ke zubarwa a cikinsa yake taruwa. Ƙananan babura da yawa ba su da filtar mai ta takarda, sai 'yar raga. Saboda haka tsadar mai ba hujja ba ce ta wuce lokacin juye da kamfani ya ƙayyade, musamman a lokacin hunturu ko a hanyoyin da ba su da kwalta. Ana iya sauyawa daga minaral zuwa sintetik, ko a koma, ba tare da wata illa ba, muddin kaurin da alamar sun dace.

Man da ake aunawa a kwalba a bakin titi ba ya ɗauke da wata alama da za ta nuna abin da ke cikinsa. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Najeriya, SON, ita ce ke tantance kayan da aka yi a gida ta shirin MANCAP, da waɗanda aka shigo da su ta shirin SONCAP. Kafin biyan kuɗi, ya dace mai saye ya tabbatar marfin robar a rufe yake, ya kuma karanta abubuwa uku a jikinta: 4T, da alamar JASO MA, MA1 ko MA2, da kaurin da littafin baburinsa ya faɗa.