Tarihi: Bushbebi da Dajin da Minna Ta Cinye

Duk wanda ya yi makarantar kwana a cikinmu ya san labarin bushbebi: wai aljani ne mai kuka kamar jariri, wanda ya fita dubawa ba ya dawowa. Yarbawa ma suna da makamancinsa, egbere, mai yawo da tabarma yana kuka.

Alhali kuwa 'yar dabba ce dangin birai, masana na kiranta galago. Tun a 1796 wani masani ɗan Faransa, Geoffroy Saint-Hilaire, ya ba irin ta dazukanmu suna. Nauyinta bai wuce giram 300 ba. Da rana tana barci a kogon itace, da dare ta fito neman ƙwari da ƙaro. Takan shafa fitsarinta a tafin hannu da ƙafa don ta bar alama a rassa. Ƙyallin manyan idanunta in an haska fitila, da kiran 'yan uwanta cikin duhu, su suka haifi tatsuniyar.

A da Minna ƙasar Gwari ce da daji ya kewaye. Layin dogo daga Baro ya ratsa ta, ya isa Kano a 1911, sannan a 1976 ta zama hedikwatar Jihar Neja. Gari ya bunƙasa daga Bosso har Chanchaga, gatari da sana'ar gawayi suka ci manyan itatuwan da take fakewa a ciki.

Shawararmu, mu bar tsofaffin itatuwan gonakinmu da makarantunmu tsaye, mu kuma faɗa wa yara gaskiyarta. Allah ya sa mu dace.