Naman Kaza: Amfaninsa, Haɗarinsa da Matsayinsa a Gurbin Nama

Naman kaza, wanda wasu ke kira laimar kwaɗi, tsiro ne da ke fitowa da damina a gindin itatuwa, kan ruɓaɓɓen kututture, juji da kuma gefen suri. Duk da cewa ana lissafa shi cikin kayan lambu a kasuwa, masana kimiyyar halittu ba sa sanya shi a jerin tsirrai, domin ba ya da koren ganyen da zai haɗa abinci daga hasken rana. Yana rayuwa ne a kan abin da ya ruɓe, shi ya sa tun 1969 aka ware masa rukuni na daban tare da yis da funfuna.

A kudancin Najeriya tsohon abinci ne. Yarbawa na kiransa olu, Ibo kuma ero, ana zuba shi a miyar agushi a madadin nama ko tare da shi. A ƙasar Hausa da arewacin Yobe kuwa, akasarin gidaje ba su ɗauke shi a matsayin abin ci ba. A garuruwa irin su Nguru, Gashuwa da Kumagannam, abin da aka saba da shi shi ne kifin fadamar Haɗeja zuwa Nguru, kilishi da naman banda, wanda a da ake loda shi a jirgin ƙasa daga Nguru zuwa kudu.

Tsadar rayuwa ce ta sake taso da maganar. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin abinci ya yi ta hawa, har Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa hauhawar farashin kayan abinci ya haura kashi 40 cikin 100 a watan Yunin 2024. Gidaje da dama sun rage cefanen nama, wasu sun daina baki ɗaya.

Abin da ke cikinsa

Dalilin da ya sa ake kwatanta shi da nama biyu ne: yana da tauri a baki idan an soya shi, kuma yana ɗauke da sinadarin gulutamet, mai ba da ɗanɗanon romo. Wani masanin Japan, Kikunae Ikeda, ne ya gano wannan sinadari a matsayin tushen ɗanɗanon a 1908. Shi ne kuma ke sa daddawa da dunƙulen miya su gyara tukunya.

Sai dai kamannin bai wuce baki ba. Kusan kashi 90 cikin 100 na ɗanyen naman kaza ruwa ne. A kowane giram 100 ana samun furotin giram 2 zuwa 3 kacal, alhali ɗanyen naman shanu na da kimanin giram 20. Ba a kuma dogara da shi wajen samun bitamin B12, wanda jiki ke samu daga nama, kifi, ƙwai da madara. Abin da yake da shi a wadace shi ne wasu bitamin na rukunin B, sinadarin fotasiyam da harza mai taimaka wa narkewar abinci, ga ƙarancin kitse. Idan ya sha rana kuma yana samar da bitamin D.

Saboda haka uwar da ta cire nama daga miya ta sa naman kaza ta maido da ɗanɗano ne kawai. Furotin ɗin da yara ke buƙata sai an nemo shi daga wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli ko awara. A gaskiya awara ce ta riga ta cike wannan gurbi a arewa: ana jiƙa waken suya, a markaɗa, a tace, a tafasa, a zuba ruwan tsami ya dunƙule, a matse a soya. Furotin ɗinta ya ninka na naman kaza sau uku ko fiye, kuma ana samunta a kusan kowace unguwa da ƙofar makaranta.

Yadda ake dafa shi

Kuskuren da aka fi yi shi ne jiƙa ɗanye a ruwa ko jefa shi kai tsaye cikin miya, inda yake zama lagwani marar ɗanɗano. Ana goge shi ne ko a ɗauraye da sauri, a yayyaga, a zuba a kasko mai zafi ba tare da cika shi ba. Zai fitar da ruwansa; sai ruwan ya ƙone sannan a sa mai da albasa, a bar shi ya yi ja. Daga nan yana shiga miyar kuka, kuɓewa ko taushe, ko a barbaɗe shi da yajin ƙuli a gasa kamar tsire. Ba ya jure ajiya, musamman a cikin leda. Inda babu firiji, shanya shi ita ce mafita, kuma ruwan da aka jiƙa busasshen da shi romo ne na miya.

Na daji da na gona

Wasu nau'o'in na daji guba ne, kuma suna kama da waɗanda ake ci. Mafi muni, dangin Amanita, ba sa nuna alama sai bayan awa 6 zuwa 24. Ana fara amai da gudawa, mutum ya ji sauƙi na ɗan lokaci, sannan hanta ta lalace. Tafasawa, soyawa ko shanyawa ba sa kashe wannan guba. Ganin awaki ko ƙwari sun ci ba hujja ba ce, haka nan gwajin cokalin azurfa ba shi da tushe. Wanda ya ci na daji ya ji cikinsa ya rikice, a garzaya da shi asibiti tare da ragowar abin da ya ci.

Akwai wani gargaɗin da ya shafi yankin Bade kai tsaye. Gashuwa ta daɗe tana fama da yawan masu ciwon ƙoda, kuma masu wannan lalura kan buƙaci taƙaita fotasiyam. Bai kamata su mayar da naman kaza abincin yau da kullum ba sai da shawarar likita.

Na gona shi ne abin dogaro. Ƙasar Sin ce ke noma mafi yawan naman kazan duniya, a Najeriya kuma Cibiyar Binciken Masana'antu ta Tarayya da ke Oshodi na cikin masu koyar da nomansa. Nau'in da ya fi sauƙi, Pleurotus, ana shuka irinsa ne a buhunan leda cike da garin katako ko karan shinkafa da aka turara, a fara tsinka cikin makonni kaɗan. Karan shinkafa ba ya wuya a fadamun Gashuwa. Matsalar ita ce yanayi: tsiron na son ɗaki mai inuwa, zafi tsakanin digiri 20 zuwa 30 da danshi mai yawa, alhali a watannin Afrilu da Mayu zafin arewacin Yobe kan haura digiri 40. Mai son gwadawa a yankin zai fi dacewa da damina, a ɗakin ƙasa mai rufin ciyawa da ake yayyafa wa ruwa, kuma ya fara neman masu saye kafin ya sayi iri.