Wasannin Invictus: yadda motsa jiki ke taimakon sojojin da yaƙi ya raunata

Wasannin Invictus gasa ce ta ƙasa da ƙasa da ake shirya wa sojojin da suka ji rauni ko suka kamu da ciwo a bakin aiki, da waɗanda suka bar soja da masu ci gaba da aiki. Kalmar ta Latin ce, ma'anarta wanda ba a ci galaba a kansa ba. Yarima Harry na Ingila, wanda ya yi aikin soja sau biyu a Afganistan, shi ya kafa ta bayan ya ga irinta a Amurka a 2013. An yi ta farko a Landan a 2014, da ƴan wasa fiye da 400 daga ƙasashe 13.

Dabarar ta girmi yariman nesa ba kusa ba. Tun 1948 likita Ludwig Guttmann ya haɗa gasar harbin kibiya tsakanin majinyata 16 masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville, kuma daga nan ne wasannin naƙasassu na duniya suka samo asali, aka yi su a Roma a 1960.

Abin da ya bambanta Invictus shi ne ba guragu kaɗai ake karɓa ba. Akwai sojan da zai dawo gida da gaɓoɓinsa cikakku, amma dare ya yi barci ya gagare shi, ƙarar ƙofa ta firgita shi, abin da ya gani a fagen fama ya riƙa dawo masa a mafarki, har ya janye daga matarsa da ƴaƴansa. Likitoci na kiran wannan ciwon firgici na bayan tashin hankali. Motsa jiki a kai a kai na rage damuwa, yana kuma gyara barci. Amma wataƙila babban amfanin yana wani wuri: ƙungiyar wasa na mayar wa tsohon soja abin da ya rasa ranar da ya tuɓe kaki, wato abokan da suka san halin da ya shiga, da lokacin atisaye, da dalilin fita daga ɗaki. Duk da haka wasa ba ya maye gurbin ganin likitan ƙwaƙwalwa, taimako ne a gefen magani.

Ana fafatawa a ƙwallon kwando bisa keken guragu, ƙwallon raga a zaune, ninƙaya, ɗaga ƙarfe da sauransu.

Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da ta shiga, a Dusseldorf ta Jamus a 2023, inda Peacemaker Azuegbulam, sojan da ya rasa ƙafa a yaƙi da Boko Haram, ya ci zinariya a ɗaga ƙarfe. An yi gasar 2025 a Kanada, ta 2027 kuma an ba birnin Birmingham.