Wa Ya Fara Jin Kukan Kwalbar?

Kowace wayar salula tana ɗauke da wani ɗan ƙanƙanin abu da injiniyoyi ke kira osileta. Aikinsa kaɗa wutar lantarki a kan bugu ɗaya da ba ya sauyawa, kamar makaɗin da ke riƙe wa mawaƙi amo. Da wannan bugu waya ke kama tashar sadarwa, da shi kuma take tantance saƙon taurarin GPS. Rigima kan wanda ya mallaki wannan fasaha kuwa ta girmi wayar salula nesa ba kusa ba.

A 1906 Ba'amurke Lee de Forest ya ƙera wata kwalbar lantarki da ya raɗa wa suna Audion, don kama saƙon rediyo. Shekara shida bayan haka, wani ɗalibi a Jami'ar Columbia ta New York, Edwin Armstrong, ya gano cewa idan aka karkato wani kaso na saƙon da ya fito daga kwalbar aka mayar da shi ta mashigarta, ƙarfinsa zai ninku matuƙa. Idan aka ƙara kason, sai kwalbar ta fara haifar da igiyar rediyo da kanta, wato ta zama osileta. A Oktoban 1914 aka ba shi takardar mallakar ƙirƙirar.

De Forest ya ce bai san zancen ba. Hujjarsa ita ce kundin ɗakin gwajinsa na Palo Alto, inda aka rubuta a Agustan 1912 cewa kwalbar ta yi wani kuka da aka haɗa wayoyinta ta wata hanya. Nan gizo ke saƙar. Kukan da ya ji sauti ne da kunne ke ɗauka, ba igiyar rediyo ba, kuma injiniyoyi da dama sun tsaya a kan cewa bai fahimci dalilinsa ba. Shin wanda ya fara cin karo da abu shi ne mai shi, ko wanda ya gane shi har ya sarrafa shi?

Faɗan bai tsaya tsakanin mutum biyu ba. Irving Langmuir na General Electric da Alexander Meissner na Jamus su ma sun yi iƙirarin ƙirƙirar. Westinghouse ya sayi haƙƙin Armstrong a 1920, na de Forest kuma yana hannun AT&T. Kuɗin lasisin miliyoyin akwatunan rediyo ake ja a kai.

Sau biyu Kotun Ƙolin Amurka ta ba de Forest gaskiya, a 1928 da 1934. Mai shari'a Benjamin Cardozo ne ya rubuta hukuncin ƙarshe, kuma a ganina ya ba ranar da ke cikin kundi nauyin da ya fi na abin da aka gane a ranar.

A shekarar ce Armstrong ya je taron Cibiyar Injiniyoyin Rediyo da niyyar mayar da lambar girman da ta ba shi a 1917 saboda wannan aiki. Shugabannin cibiyar suka ƙi karɓa, suka sake tabbatar masa da ita a gaban taron.